Geron da Ƙwari Suka Ƙi

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta fara lafawa, ana shirin kiran la'asar, sai Ɗahiru dillalin shanu ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kara, inda ake cinikin dabbobi. Da ma yana cikin cinikin wata ramammiyar saniya ne, hannunsa cikin na mai saye. Jikinsa ya kama karkarwa, haƙora suka datse, kumfa na fita ta gefen baki. Aka yi ta tofa masa addu'a, aka yayyafa masa ruwa, amma ina! Kafin a samo motar da za ta kai shi Gumel rai ya yi halinsa. A gindin bishiyar dogon yaron da yake zama aka tarar da ƙwaryar furar da ya sha, ludayi na ciki.

Bazarar 1974 ce, fari ya cinye damina biyu a jere, mutuwa ba baƙuwa ba ce ga kowa. Amma irin wannan mutuwar ba a saba ganinta ba. Ana cikin jimami kuma sai ga wasu fatake biyu suna ta kwara amai a bayan rumfar mahauta, su ma furar wuri ɗaya suka sha da mamacin. Nan fa kasuwa ta ɗauka: Goggo A'i ce!

Goggo A'i wata dattijuwar Bafillatana ce mai sayar da fura da nono a bakin kara. Ba wanda bai ji abin da ya shiga tsakaninta da Ɗahiru ba. Shanun mijinta bakwai da suka rage, Ɗahiru ya karɓe su a kuɗin awaki, ya ce ba za su kai gobe ba, ya juya ya sayar wa fataken kudu da ninkin ba ninki. Alhamis ɗin da ta wuce ta tsaya a gaban jama'a ta yi masa Allah ya isa, ta ce abin da ya ci a kansu sai ya fito masa ta hanci. Shi kuwa da yake ba shi da ta-ido, ya ci gaba da shan furarta, don duk kasuwar ba wadda ta kai ta iya damu.

Saje Ubale na 'yan sandan Gumel yana bakin aiki a kasuwar a ranar. Tsohon ɗan doka ne, ɗan manomi, mutum mai sanyin magana da taurin kai. Da ƙyar ya ratsa taron, ya tarar har an fasa mata ƙwarya ɗaya, wani ya ɗauko hoge. Ya sha gabanta da kulki, ya tura ta cikin mota, ya kwashi sauran furar da nonon.

A caji ofis ya sa aka shimfiɗa mata tabarma.

"Goggo, ke kika dama wa Ɗahiru fura?"

"Ni ce."

"Nawa ya sha?"

"Ƙwarya biyu. Ya ce bai karya ba."

"Kin yi masa baki a gaban mutane?"

"Na yi. Ko yanzu ya tashi sai na sake."

"Me kika zuba a ciki?"

"Gero, citta, kanumfari, barkono kaɗan. Nono kuma na maƙwabciyata ne, Adda Rabi, mu ba mu da abin tatsa."

"Ke kin sha?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. "Ɗan nan, wa ke shan jarinsa a wannan shekara? Ramuwar azumi ma nake yi."

Malamin asibiti da ya duba gawar da fataken nan biyu ya ce ba sanƙarau ba ne, ko da yake lokacinsa ne, don wuyansu bai sanƙare ba. Guba ce, mai kama da maganin ƙwari. Sufeto da ya ji haka ya ce magana ta ƙare. Ga gaba, ga baki da aka yi a bainar jama'a, ga fura. Ranar Litinin za a tura ta Kano da takardunta, kuma kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da kisan kai, rataya ce. Saje Ubale bai musa ba, ya dai roƙi a bar masa kwana ukun da suka rage. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne fataken nan biyu. Wanda ya yi niyyar kashe mutum ɗaya, ƙwaryar mutumin yake zuba wa, ba ya lalata kasuwarsa duka.

Ranar Juma'a da hantsi ya isa rugarsu Goggo, arewa da Maigatari, dab da iyaka. Bukkoki biyar ne, da turakun da ba dabba. Tun daga nesa ya hango maza suna dawowa da fartanya da makara. Adda Rabi, maƙwabciyar, ita ta tare shi.

"Wa ya rasu?"

"Hamma Sajo, mijin A'i. Jiya da yamma, ita tana kasuwa."

"Ciwon me?"

"Ba ciwo. Faɗuwa ya yi yana karkarwa, kumfa na fita. Mun aika a gaya mata, aka ce kun tafi da ita."

Saje ya cire hularsa ta aiki, ya yi salati. Wallahi abin ya daki zuciyarsa.

"Furar ya sha?"

"Wace fura? Ta sayarwa ce. Kunun dusa ya sha. Tun da abin nan ya matsa, in ta surfa gero sai ta yi fura da tsabar, dusar kuma ta dama musu kunu. Jiya shi kaɗai ya shanye, da nasa da nata."

"Nonon da kika ba ta fa?"

"Jikokina sun sha ragowarsa, ga su can suna wasa."

A bayan bukkar Goggo ya ga fatar akuya an kafe ta da tsinke a ƙasa tana bushewa. Ya tambaya, Adda Rabi ta ce akuyar su Goggo ce tilo, ranar Laraba da yamma ta mutu, ko yanka ba a samu yi ba. Ba wanda ya yi mamaki, dabbobi kullum faɗuwa suke.

"Me ta ci kafin ta mutu?"

"Me za ta ci? Ƙasari dai aka ba ta."

Ƙasari shi ne ruwan da aka wanke surfaffen gero da shi. Ba gidan da ake zubar da shi, dabba ake ba, balle a shekarar da ake jan guga gaba talatin kafin a ga ruwa. Saje Ubale ya tsaya cak. Ranar Laraba aka surfa, aka wanke, akuya ta sha ta mutu. Fura kuwa sai asubahin Alhamis aka kirɓa ta. Ashe gubar ta riga furar zuwa. Tana jikin geron, a kan fatarsa, shi ya sa dusa da ƙasari suka fi saurin kisa.

Ya nemi ragowar geron, aka samo ɗan abin da bai cika tafin hannu ba a gindin ƙwarya. Ya baza shi a rana. Tas yake, sai sheƙi, ba ƙura, ba ƙwaro ko ɗaya. Shi kuwa ya san duk geron da ke kasuwa a bana tsohon ajiya ne, rabinsa ƙwari sun huda. Ya jiƙa gefen farin hankicinsa, ya murza ƙwayoyin da ƙarfi. Da ya buɗe sai ga ɗan jaja-jaja a jikin ƙyallen. Ya san wannan launi. Bara an raba wa manoma irin shuka da aka cuɗa da maganin ƙwari, aka rina shi ja, aka zana ƙoƙon kan mutum a buhun don kada kowa ya kai baki.

Da ya koma Gumel bai iya ɓoye mata ba, mace ce da takaba ta hau kanta. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata. Goggo A'i ba ta yi kuka ba, mutanensu ba sa yi a gaban baƙo. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta yi salati sau uku.

"Kunun da na dama masa ne?"

"Goggo, ba ke..."

"Ni na dama, ni na miƙa masa, na ce ya shanye har nawa. Shekara talatin da huɗu bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kawo takardar taku in dangwala. Ku rubuta na kashe mutum biyu, ku rataye ni, na huta."

Sufeto na jin haka ya ce ai shi ke nan, ta amsa da bakinta. Saje ya ce ba za a dangwala komai ba sai Litinin, yadda aka yi masa alkawari. Ya tambaye ta inda ta auno geron, ta ce wurin Azumi mai awo, tiya biyu, ranar Talata.

Ranar Asabar da safe ya sami Azumi a gidanta a Maigatari, kwance a rumfa, ta ɗaure kai da ɗankwali. Da ta miƙo masa ruwa sai ya ga kofin na rawa a hannunta.

"Tun yaushe hannun ke yin haka?"

"Sati biyu ke nan, Yallaɓai. Ga ciwon kai, ga tashin zuciya."

"Kina tauna geron da kike sayarwa?"

"Yo wane mai awo ne ba ya taunawa? In mai saye ya tsaya, sai ka watsa 'yan ƙwayoyi a baki ya ji ƙarar, ya san busasshe ne."

"Ina kajinki? Na ga akurki ba kowa."

"Sun ƙare. Na ɗauka farar masassara ce."

Ya cire ta daga zargi tun kafin ta rufe baki. Wanda ya san da guba a hajarsa ba ya jefa ta a bakinsa kullum, ba ya kuma barin kajinsa su yi tsince a gindinta. Ya tambaye ta masu ba ta kaya. Ta ce mutum biyu ne, Malam Cindo da Alhaji Bilya. Tabarma ɗaya take juye su, buhunan kuma ta mayar wa masu su, ba za ta iya rantsewa na wane Goggo ta ɗauka ba. Ta rage murya ta ce in dai ha'inci ake nema, a fara ta kan Cindo, shi Alhaji mutumin kirki ne, har sassauta mata farashi yake yi.

Duk garin ra'ayinsu ke nan. Malam Cindo ya yi suna wajen ɓoye hatsi sai ya yi tsada, da ƙara masa yashi don ya yi nauyi. Alhaji Bilya kuwa tun zamanin da gyaɗa ke gyaɗa ya yi kuɗi, yana da babbar mota, shi ya yi wa masallacin unguwarsu rufin kwano, kowace Juma'a ana rabon sadaka a ƙofar gidansa.

Saje ya tarar da Cindo a bakin sitonsa yana korar kaji da sanda.

"Buɗe mini buhu."

"Wanne? Zaɓi da kanka, kada a ce na yi maka rufa-rufa."

Ya zaɓi uku daga can ciki. Kowanne aka farke sai ƙwari su yi ta fitowa, ga gari, ga yashi a ƙasa.

"Tauna."

Cindo ya dumbuza ya watsa a baki, ya yi ta garzar abinsa, ya tofar da tsakuwa. "To, na tauna. Yashi dai akwai, ban ɓoye wa kowa ba, amma yashi bai taɓa kashe mutum ba. Shi muke ci a gidana. Kai, ba gidana kaɗai ba, har gidan wanda kuke yi wa kallon waliyyi."

"Wa ke nan?"

"Bilya mana! Sati uku ke nan Iya, tsohuwar da ke yi musu cefane, take zagayowa ta bayan gida tana auna tiya biyar-biyar a wurina. Mai buhu ɗari a sito yana sayen nawa mai yashi, da tsada kuma. Na ce ko dai albarka ce ke cikin nawa?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, amma Saje bai taya shi ba.

"Daga ina yake kawo nasa?"

"Wa ya sani? Motarsa dai Gagarawa Tasha take zuwa, can tsohon sitonsa na gyaɗa. Ni kuwa ban san ana noman gero a kan titin jirgi ba."

Ya tare Iya a lungu tana dawowa daga cefane, ya gaishe ta da ladabi, ya karɓar mata kwandon. Tsohuwar ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta ce Alhaji ne ya tara gidan kaf ya yi rantsuwa, duk wadda ta taɓa geron sito, ko don kaji ne, a bakin aurenta ko aikinta. Ya ce na kasuwa ne, ba a haɗa shi da na ci. Tantabarunsa ma da yake ji da su, rana ɗaya ya kwashe ya sayar.

Ranar Lahadi da sassafe Saje Ubale ya ɗauki kurata biyu suka nufi Gagarawa Tasha. A da in kaka ta yi, buhunan gyaɗa har sun fi rufin tasha tsawo, yanzu kuwa fili ne fetal sai iska. Bai nemi sito ba tukuna, bakin rijiya ya fara zuwa, don ya san ba a wanke buhu ɗari da yawu. Ya tambayi 'yan garuwa wa ya fi sayen ruwa a bana. Duk suka nuna wani mai suna Ɗantala, suka ce shi ya tsinci dami, shi ke kai wa sito.

"Garwa nawa kake kaiwa?"

"Arba'in a yini, wani lokaci hamsin. Ni da ƙannena."

"Me ake yi da shi?"

"An ce gini za a yi. A ƙofa muke ajiyewa, ba a bari mu shiga."

"Ka ga bulo? Ka ga magini?"

Ɗantala ya sosa ƙeya. "Ban gani ba. Na dai ga ruwan na fitowa ta rariya ja wur. Jakina ya sha ranar nan, kwana biyu bai tashi ba."

Suka zagaya bayan siton. Ƙasar bakin rariya ta rine, kurciyoyi da gwarare matattu birjik a gindin katanga, ko tururuwa ba ta taɓa su ba. Mai gadi na ganin kaki ya miƙa makulli. A ciki ga rabin-rabin duro guda shida, ga gero an shanya a kan siminti, ga sababbin buhuna an ɗinke an jera. A lungu kuma tsofaffin buhunan ne aka juya cikinsu waje. Saje ya warware ɗaya, ƙoƙon kan nan ya bayyana. Ya bar kurtu ɗaya a ƙofa, ya aika ɗayan zuwa garin Sule Tankarkar da sauran kasuwannin da motar ke zuwa, a yi shela a dakatar da awon duk wani gero mai sheƙi.

Bayan azahar ya yi sallama a zauren Alhaji Bilya. Alhaji, fari mai ƙiba, na kishingiɗe a kan kilishi, carbi a hannu, mutane biyar-shida na zaune ana hira. Ya tarbi Saje da fara'a, ya sa a kawo lemo. Saje ya ce a bar shi. Ya kwance ƙullin hankici ya ajiye a gabansa.

"Alhaji, gero aka kawo mini talla, ni kuwa ban iya saye ba. Duba mini ko busasshe ne."

Alhaji ya ɗiba, ya murza, ya ɗaga hannu zai kai baki yadda ya saba shekara talatin. Hannun ya tsaya a gemu. Ya dubi ƙwayoyin, ya dubi Saje, ya mayar da su a hankali, ya goge tafinsa a jikin kilishi.

"Busasshe ne."

"Ba ka tauna ba."

"Haƙorina ke ciwo."

"To a dama maka kunu da shi. Naka ne, daga Gagarawa na ɗebo shi ɗazu."

Alhaji ya gyara zama ya ce shi ɗan kasuwa ne, yana saye yana sayarwa, in yaransa na sito sun yi wani abu, shi bai sani ba.

"Da na yarda," in ji Saje, "don siton yana da nisa, kai kuma kana nan. Amma mai sayar da hatsi daga buhunsa ake yi masa tuwo, haka muka taso muka gani. Kai ka hana gidanka, har da rantsuwa. Ka tura Iya tana auno mai yashi wurin Cindo, da tsada. Ka sayar da tantabarunka don kada su yi tsince su tona maka asiri. Yanzu kuma a gaban mutanen nan hannunka ya ƙi kaiwa bakinka. Wanda bai sani ba ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan."

Ya juya ga mutanen zauren ya warware musu sauran. Bara da shuka ta ƙone sau biyu, jan irin ya rage a hannun manoma, ga yunwa, ga abin da ba ya ciwuwa. Alhaji ya bi ƙauyuka da mota yana saye a banza, yana cewa zai ƙetara da shi Damagaram a sayar wa masu shuka. Ya ɓoye shi har hatsi ya yi wuta, sannan ya sa aka wanke launin, aka canza buhu. Launi ya fita, magani bai fita ba. Masu hali da ke surfe sosai su zubar da dusa, ciwon kai kawai suka yi. Talakan da yunwa ta sa yake cin dusarsa, shi ya kwashi gubar gaba ɗaya. Allah kaɗai ya san yara nawa aka binne a ƙauyuka cikin mako biyun nan aka ce sanƙarau ne.

Alhaji Bilya ya ajiye carbin. Abin da ya fi ba Saje tsoro shi ne, ba kunya ya gani a fuskarsa ba, haushi ya gani, irin na wanda aka ɓata wa ciniki.

"Sau uku nake sa a wanke shi, Saje, sau uku! Ka san nawa ruwa ya ci mini? Mutane na neman abinci, na kawo musu abinci, har na sauke farashi ƙasa da na kowa. In ban saya ba wani zai saya. Gyaɗa ta mutu, mota na son mai, gida na son cefane. So kake in zauna in zuba wa kaya ido suna ruɓewa? Kasuwa ce."

"Kasuwa ce," in ji Saje. "Shi ma Ɗahiru haka ya ce wa mai shanu bakwai. Tashi mu tafi."

Wani dattijo da kullum nan yake cin tuwon dare ya miƙe ya sa takalminsa ya fita, ko sallama bai yi ba. A mota Saje ya yi ta tunanin mahaifinsa, wanda in baƙo ya zo awo a shekarar yunwa yakan ƙara masa hannu biyu bayan tiya ta cika, ya ce na yara ne. Yanzu an wayi gari mutum na duban maƙwabcinsa mai jin yunwa, abin da yake gani kawai aljihu ne. Baƙin ciki ya cika shi, har ya ji kakin jikinsa ya yi masa nauyi.

Ranar Litinin da safe Sufeto ya yage takardar farko, aka rubuta wata da sunan Alhaji Bilya. Saje Ubale da kansa ya buɗe wa Goggo A'i ƙofa. Kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Adda Rabi ta zo tafiya da ita, tana tsaye a waje.

"Goggo, fito. Ba ki da laifi."

"Na gaya maka ni na dama."

Ya durƙusa ya yi mata bayani dalla-dalla, tun daga akuyar da ƙasarin har jan ruwan Gagarawa. Ya ce gubar na jikin geron tun kafin ta taɓa shi, ko wace ce ta dama, abin da zai faru ke nan. Ya ce wanda ya yi ya sani, ya kuma amsa a gaban shaidu, an yi shela a kasuwa, duk wanda ya ɗaga mata hannu ranar Alhamis ya ji. Ta saurara har ya gama, idonta na ƙasa.

"Wannan Alhajin, mun taɓa yi masa wani abu ne? Ni ko maigidan?"

"Bai ma san da ku ba, Goggo."

"To don me?"

"Don riba."

Ta jinjina kai a hankali, kamar mai son ta fahimci wani yare.

"Tiya biyu na auna. Nawa ya samu a kaina?"

Saje ya so ya ce bai sani ba, amma ya sani, kuma ba matar da za a yi wa ƙarya ba ce.

"Sule biyar."

"Sule biyar," in ji ta.

Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafinta. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata, ba ta kuwa share ba.

"Ɗan nan, ina da sule biyar a bakin zanena ranar. Da ya tambaye ni, wallahi da na ba shi."